Nata'ala Mai Keke da Hular Sha'aibu

A unguwar Kilomita Biyar, zamanin da Faransawa ke riƙe da Bangui, babu wanda bai san rumfar Nata'ala mai gyaran keke ba. Dogo ne, ba ya yawan magana, kunnensa na hagu ba ya ji. In ka kawo masa keke sai ya dube ka kafin ya dubi keken, kamar yana son sanin wanda ya aiko ka.

Da shi da maƙwabcinsa Sha'aibu tare suka shiga soja ana gab da yaƙin Jamus, bayan sun gaji da dakon goro a kasuwa. Jirgin ruwa ya kai su Faransa, aka haɗa su da sojojin gini, masu kafa gada da masu karya ta. Su dai karyawar suka tarar. Jamusawa sun kunno kai, rundunar Faransa na ja da baya, duk kogin da aka haye sai a ɗaura wa gadarsa nakiya don kada maƙiyi ya biyo sawu. Aikin su biyun ɗaukar akwatunan nakiya da jan waya.

Nata'ala yakan ce abin da ya fi harsashi muni a wannan tafiya shi ne rashin yarda. Ana ta raɗe-raɗin cewa 'yan leƙen asirin Jamus sun saje da masu gudun hijira. Tsohuwa mai tura amalanke ma sai an zazzage kayanta. Wata rana da hantsi, a bakin wani babban kogi, sajansu ya ce wani ya yanke waya a ɗaya tsallaken, ya tura Sha'aibu ya duba. Sha'aibu ya cire hular saƙin da yake sawa a ƙarƙashin ta ƙarfe, saboda zafi, ya miƙa wa Nata'ala ya ruga. Bai dawo ba aka hango ƙurar motoci daga nesa. Babu wanda ya tsaya tantance ko na wa ne. Gada ta tashi, ta tafi da kunnen Nata'ala.

Bayan yaƙi ya dawo shi kaɗai. Ya kai wa Iyatu, mahaifiyar Sha'aibu, hular, ya zauna a zaure ya ba ta labari daga farko har ƙarshe. Ta juya hular a hannunta, ita ce ta saƙa ta.

"Ka ga gawarsa?"

"Ban gani ba, Inna."

"To wa ya tayar da gadar?"

"Bature ne, Inna. Mu ba a bari mu taɓa wannan wurin."

"Amma kai aka bar wa hula," in ji ta, ta tashi ta shige ciki.

Daga ranar ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba. Magana ta bazu daga nan har unguwar Yakité. Wasu suka ce shi aka aika ya tura abokinsa, wasu suka ce tun a jirgi suka yi faɗa. Mata in sun wuce rumfarsa sai su koma yaren Sango su rage murya, wai don kada ya gane, alhali ya fi su jin sa. Shi ma ya daina yarda da kowa. A masallaci yakan tsaya a ƙarshen sahu, kunnensa mai ji yana wajen jama'a.

Ana haka wani baƙo ya sauka unguwar, Dabo, tsohon soja mai ɗingishi da ya biyo motar shanu daga Cadi. Bai daɗe ba labari ya fito daga bakinsa cewa ya ga wani Bahaushen Bangui mai suna Sha'aibu a tashar jiragen ruwa ta Marseille, yana aiki, har ya auri Baturiya. Hureira, ƙanwar Sha'aibu, ita ta kai shi gaban Iyatu.

Nata'ala ya tare shi a wajen mai shayi.

"Malam Dabo, wannan Sha'aibun, fari ne ko baƙi?"

"Wankan tarwaɗa dai."

"Yana da wushirya?"

Dabo ya kurɓi shayi. "Ɗan'uwa, mutumin da ke cikin sanyin Turai ina ya ga dariyar da za a ga haƙorinsa?"

"Me ya hana shi aiko da saƙo?"

"Kunya mana. Ya zai gaya wa uwarsa ya auri Nasara?"

Amsoshin sun zo da sauri fiye da yadda Nata'ala ke so. Ya kuma lura cewa kullum daga gidan Hureira ake kai wa baƙon tuwo. Ya yi niyyar zuwa ya tambaye ta ko ita ta shirya zancen, har ya kai ƙofar gidan, sai ya jiyo Iyatu a ciki tana dariya, tana zagin ɗanta da ya manta da ita saboda Baturiya. Rabon da a ji dariyarta tun kafin yaƙi. Ya juya ya koma rumfa.

Da damina ta kama Dabo ya bi wata mota ya yi kudu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ranar wata Juma'a Iyatu ta tsaya a bakin rumfar, ta ce, "Nata'ala, ina gajiya?" Ya miƙe tsaye da sifana a hannu ya amsa. Unguwa ta bi bayanta, zancen ya mutu.

Shi ne dai bai huta ba. Wani lokaci yakan ce wa Hureira, "Wannan baƙon naki ya iya labari." Ita kuwa sai ta ce, "Baƙon Allah dai, Yaya," ta wuce abinta. Iyatu ta rasu tana sa ran ɗanta. Nata'ala ya yi aure a makare, ya haifi 'ya'ya mata biyu, ya ci gaba da liƙin taya har ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ana saura kaɗan Faransawa su miƙa mulki.