Madara Tana Barci, Inna Etelka

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, da hantsi, Allah ya karɓi ran surukata, Inna Etelka, a ƙauyenmu na bakin kogin Tisza. A kicin na same ta zaune, hannuwa a cinya. Jakar farin ƙyallen da take tace túró, wato cukun da take yi da madara, tana rataye a ƙusa, ruwa yana ta ɗiga cikin kwano abinsa.

Inna, ban san ta inda zan fara ba. Da aka kawo ni gidan nan da ɗan banzan surutuna, abin da kika fara koya mini shi ne kama baki a ɗakin ajiya. Kika nuna tukwanen ƙasa a jere, kika ce, "A hankali, Jolán, madara tana barci. In kika tashe ta, ke kaɗai za ki cinye abin da ya fito." Sai madarar ta kama jikinta sannan ki ɗora ta a gefen murhu, ki tsoma ɗan yatsa, ki ce ya isa. Cukun ya fito fari fat, yana warwarewa a cokali.

Babu gidan da aka yi haihuwa ko rashi a layin nan da kwanonki bai shiga ba. Da cikina na fari ya zube, kowa ya zo da wa'azinsa. Ke kuwa kika barbaɗa sukari da busasshen inabi a kan túró, kika ajiye a gabana, kika zauna kusa da ni har na cinye. Ban taɓa mantawa ba.

Amma Inna, wa kika bar wa mijinki, Baba Kálmán? Tsufa ya cinye masa tunani. Ya manta sunan ɗanki Ákos, mijina, ni kuma yarinyar gidan waya yake ce mini. Abinci kowane iri ture shi yake yi. Túró ɗinki kaɗai yake buɗe wa baki, kuma da ya kai cokalin farko sai ya ɗago ya ce, "Etelka." Da shi kike riƙe da ransa, mu duka mun sani.

Na sayo na kanti, ko kallonsa bai yi ba. Na yi nawa, a tukunyarki, a gefen murhunki, wallahi har numfashi na riƙa ɗaukewa a ɗakin ajiya. Ya ɗanɗana, ya tofar a tafin hannu.

"'Yar nan, kin tashi madarar," in ji shi. "Kira min matar gidan."

Mun faɗa masa gaskiya ranar da muka dawo daga maƙabarta. Ya yi kuka kamar ransa zai fita, kafin azahar ya manta, ya sake tambaya. Ákos ya ce ba zai riƙa kashe ki kullum a gaban tsohon ba. Shi ya sa yanzu in ya tambaya, sai mu ce kina barci.

Wanda kika bari a jaka na yi ta gutsura masa kaɗan-kaɗan. Yau ya ƙare. Wuyan rigarsa ya riga ya yi masa yawa, likita kuma kai kawai ta girgiza. Ba ni da wata dabara, Inna, kuma na gaji da yi wa Ákos ƙaryar cewa ina da ita.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki, ya ba ki hutun da ba ki samu a gidan nan ba. Ina yi wa Ákos da ƙanwarki Gizella da jikoki ta'aziyya, Allah ya ba mu haƙuri. Baba Kálmán ne kaɗai ban san yadda zan yi wa ba. Ɗazu da ya lashe cokalin ƙarshe, ya ɗora yatsa a leɓe ya ce mini, "To ku rage surutu, kada ku tashe ta. In ta farka za ta yi mana wani."