Kawu Ilu da Hajiyarsa Mai Tsirkiya Huɗu

Duk wanda ya zauna unguwar Guillotière ta birnin Lyon a shekarun nan ya san abu guda game da Kawu Ilu: ba ya shiga metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ko sanyi na yankan kunne, za ka hango shi bisa gada yana tafe, dogo, siriri, da ƙaton baƙin akwati goye a baya kamar mai jego. Biyolonsel ce a ciki, wato babban gogen Nasara mai tsirkiya huɗu, irin wanda ake zama bisa kujera a rungume tsakanin gwiwoyi. Shi dai bai taɓa kiranta da sunan Nasara ba. Hajiya yake ce mata.

Ran nan ƙafafuna sun gaji, na ce, "Haba Kawu, mu shiga metro mana, minti biyar ne fa!"

Ya ce, "Ke ki shiga, Abu. Hajiya ba za ta shiga ƙarƙashin ƙasa ba tun kwananta bai ƙare ba."

"To kai fa?"

"Ni ɗan rakiya ne, ba ni da ta cewa."

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce Abun, wato Zainabu, ɗiyar ƙanwarsa. Shekara goma sha biyu ina tsaye gefensa ina waƙa yana kiɗa, mu biyu rak, babu ganga babu kalangu. Don haka in na yi masa tsiya yau da muka taru dominsa, da haƙƙina.

Kakanmu mai goge ne a Damagaram, kuma Kawu tun yana saurayi ya rantse ba zai gaji wannan sana'a ba. Ya tsallako Faransa, ya kama aiki a wata masana'anta a Vénissieux, gefen Lyon, ya samu ɗaki a dogayen benayen unguwar Minguettes. To, a hawansu akwai wata tsohuwa Bafaranshiya, malamar kiɗa ce da ta yi ritaya. Kullum lif ya lalace, shi ke haura mata da kayan cefane. Ita kuma ta ga yatsunsa, ta ce asara ce a bar su ga ɗaure kusoshi. Ta koya masa har karatun takardar kiɗa, da za ta rasu ta bar masa biyolonsel ɗinta. Yakan ce, "Na gudo wa goge tun daga Damagaram, ashe ya riga ni zuwa. Ya yi ƙiba, yana jirana a hawa na tara."

Ni karatun aikin jinya ya kawo ni Lyon, a gidansa na sauka. Wata Asabar ina wanke-wanke, ina rera waƙar daka ta Iya, wato mahaifiyarsu, wadda take cewa gero na kuka turmi na dariya. Sai na ji wani abu ya shigo ƙarƙashin muryata, mai kauri, kamar bijimi na nishi daga nesa. Ashe Kawu ne ke goga Hajiya. Na yi tsit.

Daga falo ya daka mini tsawa: "Wa ya ce ki tsaya? Ci gaba! Kuma kada ki ajiye kwanon nan, ƙararsa daidai take."

Haka muka fara. Shi yana da kiɗan ɗaki na Turawa a kansa, irin wanda jama'a ke zama shiru kamar gidan makoki, yana kuma da tulin fayafayan jaz, kiɗan baƙaƙen Amurka, da ya tsinto a kasuwar gwanjo. Ni kuma ba ni da komai sai waƙoƙin matan gidanmu, na daka da na reno da na niƙa. Sai ya zuba su tukunya ɗaya. In na ce, "Kawu, wannan ba ya cikin takarda," sai ya ce, "Kunne ya girmi takarda." Maganarsa ke nan, safe da yamma. Ko takardar lokotoro aka ba shi, haka yake cewa, shi ya sa hawan jininsa bai taɓa sauka ba.

Wasanmu na farko a wata 'yar coci aka yi shi, ran Lahadi da la'asar, don nan ne suke ba makaɗa wuri. Mutum bai fi talatin ba, yawanci tsofaffi. Kawu ya buɗe da wani tsohon kiɗan Turawa, a natse, ido rufe. Can tsakiya, ba tare da ya ɗago ba, ya zame ya faɗa waƙar Iya, na shiga. Da na kai ƙarshe sai ya ajiye sandar izgar da yake goga tsirkiya da ita bisa cinya, ya shiga tsinkar tsirkiya da yatsu irin na 'yan jaz, ƙafarsa na buga ƙasa. Wallahi har tsofaffin nan suka fara gyaɗa kai!

Da aka tashi, wani farfesa mai farin gemu ya zo da ɗan littafinsa da alƙalami. Ya ce ya san na farkon, amma na tsakiyar nan wane gwani ne ya tsara shi?

Kawu ya gyara tsayuwa, ya kira shi Mushe, wato yallaɓai da Faransanci, ya ce, "Wata babbar malama ce ta Damagaram, Mushe. Ba a cika saninta a nan ba."

"A ina zan samu rubutunta?"

"Ai da taɓarya ta rubuta. Kuma an cinye."

Farfesa ya rubuta wannan ma, ya yi godiya!

Sai maganar Alhaji Sani, mai butik ɗin atamfa. Alhaji, kada ka sunkuyar da kai, kowa ya riga ya sani. Labari ya kai masa cewa Ilu na yawo da ɗiyar mutane tana waƙa gaban Nasara, har cikin coci. Ya ɗauko carbi, ya hawo jirgin taram har Vénissieux don ya yi mana faɗa. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi sanyi, sannan ya ce, "Malam Ilu, da girmanka da furfurarka? Me za a ce a gida?"

Kawu ya ce, "Gaskiyarka, Alhaji. Amma alƙali ba ya yanke hukunci bai ji ba. Zauna ka ji laifin da kunnenka, sannan ka yi faɗan da hujja."

Ya kawo masa abin sha a kofi, ya ce in yi waƙar reno. Na fara. Ban kai rabi ba na ga carbi ya tsaya. Alhaji da ya shekara ashirin bai taka Maradi ba, wanda aka binne mahaifiyarsa ba ya nan, sai ga hawaye na bin gemu. Ya yi maza ya share, ya ce, "Kai, shayin nan naka citta ta yi yawa."

Kawu ya ce, "Alhaji, ruwa ne na ba ka."

Tun daga ranar, duk Asabar sai Alhaji ya zo yi mana faɗa. Shekara goma yana zuwa, har yau bai fara faɗan ba.

Amma akwai ranar da taurin kan Kawu ya sa ni kuka na gaske. Wani mai kamfanin faifai a Paris ya ji labarinmu, ya kira mu. Ni a lokacin na gaji da aikin asibiti, ƙafafuna kullum a kumbure, na sa rai ƙofa ce Allah ya buɗe. Kawu ya sa kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa, wadda kuka sani, wadda ta girme ni, gwiwar hannunta na ƙyalli kamar madubi. Muka yi wa mutumin waƙa uku a ofis ɗinsa. Ya ce abin ya taɓa shi ƙwarai. Sai dai fa akwai gyara kaɗan: Kawu ya sa babbar riga da rawani, ni in ɗauki ƙwarya, a ƙara ganga, a cire na Turawan nan gaba ɗaya. Wai mutane na son su ga Afirka sosai.

Kawu ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Mushe, kai Bafaranshe ne?"

"Ƙwarai kuwa."

"To ina 'yar hularka? Ina dogon burodinka a hammata? Ni ban ga Faransa sosai ba."

Shi ke nan, taro ya watse. A jirgin komawa Lyon fuskata na taga, hawaye na zuba. Sai da muka yi nisa ya zaro dafaffen ƙwai daga aljihun kwat, don shi bai yarda da abincin jirgi ba, ya ɓare, ya miƙo mini. Na ƙi karɓa.

Ya ce, "Abu, na san na yi miki asara, kuma ba ni da abin da zan mayar miki. Amma tsohuwar da ta koya mini kiɗan nan ba ta ce in sake fata kafin in taɓa shi ba. Nawa ne, da gumina na same shi. Waƙar Iya kuma ba don a kalle ta ta yi ba, don hatsi ya daku ne. In na yarda a raba mini su, wanne zan ce ba ni ba ne?"

Ƙwan dai na karɓa.

Ba mu yi suna ba, kun sani. Ɗakunan karatu muka yi ta zagayawa, da gidajen tsofaffi, da wasu ƙananan wurare a Paris inda in mutum ya yi atishawa sai makaɗi ya ce masa yarhamukallah. Ban bar aikin asibiti ba har yau. Na daɗe ina jin haushin ranar nan, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce ya wuce duka ba. Sai dai ban taɓa hawa dandali na ji kunyar kaina ba, ko sau ɗaya.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, hannun dama ya tafi, magana ta yi nauyi. Wata rana da hantsi na je duba shi a asibiti, na tarar yana kallon rufi. Ya ce in rera masa wata sabuwa da muke cikin haɗawa, ba mu gama ba. Na ce, "Kawu, ni ban iya waƙa ni kaɗai ba." Sai ya miƙo hannun hagu, ya kama damtsena, ya jawo shi bisa ƙirjinsa. Na fara. Yatsunsa suka shiga tafiya bisa fatata, suna dannawa, suna zamewa, suna karkarwa, daidai inda kowace murya take. Babu sauti ko kaɗan, amma wallahi na ji kiɗan duka. Har inda muka tsaya a da ya wuce, ya kai ta ƙarshe, ni ina binsa.

Da muka gama ya saki hannuna, ya ce da ƙyar, "Kin yi ƙiba, Abu. Tsirkiyar ta yi kauri."

Kwana huɗu bayan nan ya cika.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yafe masa taurin kansa, ya yafe mana namu. Allah ya haɗa shi da iyayensa cikin rahama, ya sa ya huta. Amin.