Yadda abokina ya mayar da mahaifina sojan Jamus

Shekarun baya abokina ya ɗauki mahaifina, mutumin da ya shekara uku yana yaƙi a dajin ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya na biyu, ya mayar da shi sojan Jamus. Ya yi wannan aikin ne a Guangzhou, da wayarsa, a gabana, ina ta yi masa godiya kamar wawa.

Mahaifina tsohon soja ne, Allah ya jiƙansa. Lamba ɗaya tak Turawan Ingila suka ba shi, ita ma ta ɓace shekarar da ruwa ya ci ɗakinmu. Da zan tafi sayen kaya, mahaifiyata ta riƙe ni a soro ta ce, "An ce babu abin da mutanen nan ba sa ƙerawa. Ka sa su ƙero lambar Malam, in rataya a jikin hotonsa tun ina gani." Idonta ya fara rauni a lokacin. Ban taɓa jin ta roƙe ni ko ɗankwali ba, sai wannan.

Ni a aji huɗu na bar boko, kuma ina yaro lambar ta ɓace. Abokina kuwa har difloma yake da ita, shi ke yi mana tafinta, kuma ba ya bari a manta. Ya latsa waya, sai ga hoton wani Bature, ƙirji cike da ƙarafa har wuya. Ya hau karanta mini tarihinsa: daga kurtu ya fara, sau uku ana harbinsa yana komawa, ya riƙe wata gada da mutane ƙalilan, aka rataya masa babbar lamba a maƙogwaro. Bai ce mini ga ƙasarsu ba.

"Ka ga irin ta yaƙin nan ke nan," in ji shi. "Ta wuyan za mu yi wa Baba."

Na ce, "Mutumina, wannan ba kuros ba ne?"

"Kai dai da ƙauyanci. Fankar jirgin sama ce."

Muka shiga jirgin ƙasa zuwa Panyu, wajen wani mai ƙera maɓallai da bajo. Na ce guda ɗaya nake so. Loban, wato mai masana'antar, ya yi dariya har da tari, ya ce meyo, wato babu, ba a kunna inji don guda ɗaya, ɗari uku ne mafi ƙaranci. Abokina ya ce ai sai a raba wa jikoki. Na yarda.

Da samfurin ya fito na tura wa ƙanwata hoto ta nuna wa mahaifiyata. Ta aiko da murya: "Wannan ba ita ba ce. Ta Malam tauraro ce." Ni kuma, shugaban masu hankali, na ce tsufa ne da ciwon ido.

Lokacin baje koli ne a Pazhou. Na sa farar shadda, na rataya abata a wuya, na tafi duba injin niƙa. Mai rumfar wani dattijon Bajamushe ne. Yana ganina ya ajiye kofin shayinsa. Ya nuna wuyana, ya tambayi inda na samu. Na buga ƙirji, na haɗa ɗan Turancina na ce ta babana ce, a yaƙi ya samu.

Mutumin ya dube ni tun daga hula har takalmi. Ya sake dubawa. Wani ɗan Kumasi da ke gefe, mai jin Hausa, ya saurari bayaninsa, sannan ya ja ni baya.

"Alhaji, babanka wane ɓangare ya yi wa yaƙi?"

"Ingila mana."

"To cire wannan tun kafin a ɗauke ka hoto. Ta manyan hafsoshin Jamus ce, abokan waɗanda suka riƙa harbin babanka. Dattijon ya ce a ƙasarsu ko a aljihu mutum ba ya son a gan shi da alamar da ke tsakiyarta, don ta mugun mulkin da ya jawo yaƙin ce."

Na fizge ta har zaren ya yanke ni. Dattijon ya miƙo mini ruwa, da irin kallon da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa. Kwalin sauran lambobin yana gab da tafiya tashar jirgin ruwa ta Huangpu a loda shi. Da ƙafata na je na sauke shi. Saura kaɗan jikoki talatin da wani abu su fito ranar Sallah a Kano da wannan a wuya.

Tauraron dai an ƙera shi daga baya, mahaifiyata ta shafa shi da yatsa ta ce shi ne. Shi ma ɗari uku aka yi, har mai gadin layinmu yana da biyu. Abin da ke ci na har gobe shi ne tsohuwa da rabin ido ta gane, ni da ido biyu na bi mai difloma. Tun daga nan in mai boko ya ce mini abu fanka ne, sai na ga yana juyawa.

Kwalin lambobin Jamus kuwa na kai wa abokina har masaukinsa, na same shi yana cin taliya da mutane. Ya ce, "Haba mutumina, lamba ai lamba ce, duk yaƙi ɗaya ne."

Na dire masa kwalin kusa da kwano, na ce, "Shekara uku Japanawa suna neman mahaifina a daji ba su kama shi ba. Kai a minti biyar ka kama shi ka miƙa. Ungo, duka ɗari ukun naka ne, babu wanda ya yi wa Jamus aiki kamarka."