Fuskar Inna a Yatsun Kawu

Kawu ya rasu a unguwar Misfala ta Makka, yau shekara guda. Kafin mu taho hajji a ƙafa, shi ke ɗaukar wa wani Bafaranshe mai shirya fim kaya. Mutumin ba ya sa kowa wasan kwaikwayo, sai ya saɓa kyamara ya bi mutane har su manta da shi. Haka ya ɗauki Inna tana daka, kafin ta rasu.

Ban taɓa ganin fim ɗin ba. Kawu ne ke haɗa yatsunsa kamar taga ya ce, "Ga ta nan, ɗana, gumi a goshi, tana dariya."

Yanzu fuskarta ta ɓace mini. Ina Makka ba iƙama, takardar izinin zama, ba hanyar fita. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya nuna mini ita ko a mafarki.