Faifan da Babu Rubutu a Ƙasansa

Ni ba ma'abocin kallo ba ne. Karatuna na allo ne, rubutuna ajami, kuma har yau in aka miƙo mini takardar boko sai na nemi mai duba mini. Amma akwai shekarar da na yi ta zarya a kasuwanni ina neman faifan fim, saboda ƙanena.

Shi ne ɗan bokon gidanmu. Yana aikin buga takardu a Roni lokacin da Allah Ya jarrabe shi da sanƙarau. Ya tashi, alhamdulillahi, amma ciwon ya tafi da jinsa gaba ɗaya. Bakinsa lafiya lau, sai dai tunda ba ya jin kansa, muryar takan fita da ƙarfi, ta hau ta sauka inda bai kamata ba. Wata rana ya yi sallama a tsakar gida, yara suka kwashe da dariya. Bai ji dariyar ba, amma ya gan ta. Daga ranar ya kama bakinsa. In ina da magana da shi sai in share ƙasa da tafin hannu in rubuta da yatsa, da yake tare muka yi allo kafin a kai shi boko. Shi kuwa iyakarsa ya gyaɗa kai ko ya girgiza.

Kafin ciwon babu mai son kallo kamarsa. A lokacin finafinan waje suna zuwa da rubutun Turanci a ƙasa, shi ke karantawa yana faɗa wa mutanen gida. Daga baya aka shiga yayin fassara, inda ake ɗora muryar Hausa a kan fim, rubutun ya ɓace. Kowa ya huta ban da shi. Gida ya cika da shewa, shi yana ganin baki na motsi kawai, sai ya tashi ya shige ɗaki.

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ita ta kira ni. Ta ce, "Kai ne babba. Nemo masa irin na da, mai rubutu a ƙasa. Ko karatun ya sa ya buɗe baki. Ina so in ƙara jin muryar ɗana."

Aikin bai zo da sauƙi ba. Faifan a liƙe yake cikin leda, rubutun bayansa ba nawa ba ne, mai sayarwa kuma a kasuwar Gwiwa kan buhu yake baza hajarsa, babu talabijin balle a gwada.

Na ce, "Wannan akwai rubutu a ƙasa?"

"Akwai, Malam."

"Ko mai fassara ne?"

"Akwai fassara."

"To wanne ne a ciki, bawan Allah?"

"Allah gafarta Malam, duk wanda kake so."

Wanda na saya a ranar, mai fassara ne. Na je har Kazaure na samo wani, rubutu kam akwai, amma irin wanda ko ƙanen nawa bai taɓa gani ba, kamar sawun kaji a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na koma wurin mutumin Gwiwa. Ya zaro wani daga ƙasan kwali, ya goge shi da gefen riga, ya ce ta Nijar ya shigo, babu wanda ya taɓa taya shi. Na yi bisimilla na karɓa.

Washegari bayan azahar aka fito da talabijin ƙarƙashin rumfa, aka tayar da janareta. Na jawo ƙanena da hannu na zaunar da shi kusa da ni. Fim ya fara. Wasu mutanen gabas ne a bakin kogi, wani tsoho mai kwalekwale, da ɗansa mai ɗaure fuska, da wani baƙo mai yawan murmushi. Suka yi ta magana da yarensu. Babu Hausa. Na zuba wa ƙasan gilashin talabijin ido ina addu'a, babu ko ɗigo.

Mai ɗakina ta ce, "Malam, an sake yi maka."

Ƙanena ya dafa gwiwa zai tashi, sai ya tsaya yana duban fuskokinmu. Babu mai dariya, babu mai gyaɗa kai, kowa ya saki baki. Ya dube ni. Na share ƙasa na rubuta masa: mu ma ba ma ji. Ya daɗe yana kallon rubutun. Sannan ya koma ya zauna, ya gyara zama sosai.

Matan gida ba su jima ba suka yanke hukunci cewa mai ɗaure fuskar nan shi ne mugu, gadon tsoho yake jira. Suna cikin tsine masa, ɗaya na nuna shi da yatsa, sai muka ji murya kamar an buga ƙofar langalanga.

"Ba shi ba ne!"

Wani yaro ya fara ƙyalƙyala, Inna ta yi masa kallo ɗaya ya haɗiye ta.

Ƙanena ya ci gaba, "Mai murmushin ne. Bakinsa kaɗai ke dariya. Ku duba in tsohon ya juya baya, ina idonsa yake zuwa? Kan kwalekwalen. Shi ɗan, tsoro yake ji, ba ƙiyayya ba."

Mai ɗakina, wadda dama akwai wasa tsakaninta da shi irin na matar wa da ƙanen miji, ta ce, "Malam, rubuta masa. Ka ce in gaskiyarsa ce, furar gobe a kaina. Mutum mai fara'a haka!"

Na rubuta. Ya karanta ya ce, "Ki cika nono. Ban da irin tsululun da kike dama wa Yaya."

Rumfa ta kaure da dariya, wannan karon da shi a ciki. Daga nan na zama magatakarda. Wannan ta ce rubuta masa, waccan ta ce tambaye shi, ina sharewa ina rubutawa har yatsana ya yi zafi. Shi kuwa yana ta bayani: wannan roƙo take yi, wancan ya yi ƙarya yanzu, ku ga yadda ya haɗiyi yawu. Ashe duk zaman shirun nan fuskokin mutane yake karantawa.

Aka kira la'asar, na sa aka kashe. A hanyar masallaci bai yi shiru ba, yana ta kafa mini hujja da muryarsa mai amo, mutane na waiwaye. Wani dattijo maƙwabcinmu ya tsaya cak ya ce, "Ikon Allah! Wa nake ji haka?"

Da muka dawo aka kunna. Ba a yi nisa ba sai ga mai murmushi ya lallaɓa ya yanke igiyar kwalekwale, ga mai ɗaure fuska ya faɗa kogi yana binsa. Inna, da tsufanta, ta rangaɗa guɗa. Ƙanena bai ji ba, amma ya ga hannunta a hanci, ya ga hawayenta. Ya matsa ya durƙusa ya ce, "Inna, na faɗa ko ban faɗa ba?"

Ya sha furarsa washegari, da nono har ya yi yawa.

Da kasuwa ta zagayo na koma wurin mai buhu. Yana hango ni ya fara, "Malam, yau akwai mai rubutu na gaske."

Na ce, "Ajiye shi. Wanda babu rubutu, babu fassara, shi nake so."

Ya dube ni, ya dubi kwalinsa, ya ce, "Akwai."