Ɓeran da ya mutu a shagon Rediyo

Ranar da surukin Rediyo ya fara zuwa aski shagonsa, ina bakin ƙofa ina liƙe tayar keke, don rumfata na manne da shagon. Rediyo ya kakkaɓe kujera, ya yafa wa tsohon sabon ƙyalle, ya sunkuyo zai gyara masa gashin baki.

"Baba, a ɗan ɗaga kai."

Tsoho ya ja da baya, ya toshe hanci da ƙyallen. "Yaro, ɓera ne ya mutu a shagon nan?"

Rediyo, bawan Allah, sai ya ɗauki tsintsiya ya durƙusa yana leƙa ƙarƙashin benci, har da jawo kwandon shara. Mutanen da ke jiran layi suka taya shi nema. Shi kuwa ya san inda ɓeran yake: can ƙuryar bakinsa.

Mun sa masa Rediyo ne saboda tun yana koyon aski bakinsa ba ya hutawa. Ka zo a rage maka suma, ka tafi da labarin unguwa kaf. Ga shi da tsafta kamar mage, tsinken sakace ba ya barin aljihunsa. Shi ya sa abin ya ci shi.

Ashe ya daɗe yana ɓoyewa. Dasashinsa na can ƙarshe ya kumbura, abinci na maƙalewa a ciki, wani ruwa mai ɗaci na tsattsafowa. Ciwon ya bi muƙamuƙi ya hau kunne, ya haɗa da kai. Shi a ganinsa ƙazanta ce ta kama shi, sai ya dinga dirzar wurin da buroshi har jini, yana tauna kanumfari kamar akuya. Ko matarsa bai gaya wa ba, juya mata baya kawai yake yi, ita kuma tana kuka wai ya daina sonta.

Bayan zancen ɓera sai ya ɗaura takunkumi, wai mura. Rediyo ya mutu, ba labari, ba dariya. Masu zuwa aski suka fara zamewa zuwa shagon tsallake, don rabinsu dama hira ke kawo su. Kuncinsa ya tashi kamar ya ɓoye ƙwai, bakin ma da ƙyar yake shigar da cokali.

Na ce masa, "Maƙwabci, batir ne ya ƙare ko eriya ce ta karye?" Ko kallona bai yi ba. Nan na san abin ya wuce wasa.

Surukin nan ne dai ya dawo, ya tasa shi gaba har wurin likitan haƙori. Rediyo ya ce da ƙasa za ta tsage a hanya, da ya shige. Aka ɗauki hoton bakin. Likita ta ce ba ƙazanta ba ce, haƙorin hankali ne, wanda ke fitowa bayan mutum ya girma. Muƙamuƙinsa ne ya yi kaɗan, haƙorin bai samu wuri ba, sai ya taho a kwance ya tokare na kusa da shi, rabi a waje rabi a cikin nama. Aka ba shi magani kumburin ya sauka, sannan aka cire.

Da ya dawo aiki, shago cike, ni kuma ina jingine da ƙofarsa, na ɗaga murya:

"Jama'a, ku yi masa barka! Hankalin kowa a tsaye yake zuwa, na maƙwabcina a kwance ya zo, shi ma an cire!"

Aka kwashe da dariya. Ya sunkuyar da kai, na ce yau na gama da shi. Sai ya kashe injin aski, ya juyo.

"Likita ta ce duk abin da ba ya aikin komai sai jingina da maƙwabcinsa yana jawo wari, cire shi ake yi. Ɗaga min ƙofa."