Injin Audu Baga

Zainab, gyara zama ki rubuta. Yadda na faɗa za ki sa, kar ki yi mini kwaskwarima irin ta 'yan boko. Labarin maƙwabcina ne, marigayi Audu Baga, mutumin da ya ajiye injin kwale-kwale a Gyadi-Gyadi, unguwar da babban koginta shi ne kwata.

Daga bakin tafkin Chadi ya zo mana. Ruwa ya ja baya, kifi ya yi wuya, ya sayar da kwale-kwalen, amma ya rungumo injin ya taho da shi Kano a bayan mota, matarsa Hasana tana riƙe da tukwane. Bandar kifi yake sayarwa a kasuwar Tarauni. Wannan sana'ar ciki ce kawai. Aikinsa na gaskiya sai ranar Alhamis.

Duk Alhamis da hantsi zai fito da duro ƙofar gida, ya sa 'yan ga-ruwa su cika shi. Ya rataya injin a baki, wutsiyar a cikin ruwa. Ya kwance fulogi ya goge da tsumma, ya hura, ya kanga a rana yana dubawa kamar mai sayen zinariya. Ya wanke kafireto. Ya haɗa fetur da baƙin mai a kwalba, ya girgiza. Ya shafa wa farfela giris. Sannan ya ja igiya. Ja ɗaya, wallahi, sai unguwa ta ɗauka. Kaji su watse, mu kuma mu sha hayaƙi kyauta.

Akwai wani ɗan rami a gefen injin da yake tsarto ruwa. Audu yana ce masa fitsari. Kullum karatun da yake mana ke nan: "Injin ruwa da ruwa yake shan iska. In ka tayar da shi bai yi fitsari ba, kashe shi. In ka tayar da shi a tudu, ka yi masa sallar gawa."

Ni kuwa in ce, "Direba, yau ina muka nufa? Daurawa ko Unguwar Gano? A ajiye mini kujerar gaba."

Ya ce, "Malam, kai ko a duron nan aka sa ka sai ka yi amai."

Hasana kan leƙo ta ce, "Ruwan da zan yi wanki da shi ne ake ba wa ƙarfe. Ni ban taɓa ganin mai gidan nan ya duba ni yadda yake duba fulogi ba."

Abu ɗaya yake so a duniya: kafin ya mutu injin nan ya sake tura jirgi a kan ruwa na gaske. Bayan layinmu akwai wani babban kududdufi, a nan idonsa yake.

To, sai soja suka ce sun gaji, za su koma bariki. Farar hula suka fito kamar shinge bayan ruwan farko. Namu shi ne wani Shehu, ɗan takarar kansila, yaron da muka sani yana tallan rake, yanzu sai an ce Honorabul yake waiwayowa. Ya ji labarin injin, ya zo har ƙofar gida ya tsuguna. Ya ce in ya hau zai yashe kududdufin, a yi wurin shaƙatawa, a sayo jirgi, Baba Audu ne direba. Tun daga ranar Audu ya liƙa hotonsa a jikin duro.

Ranar babban taro aka kafa rumfa a bakin kududdufin, aka ce a kawo inji jama'a su ga ci gaba da idonsu. Audu ya nemi duro, babu. Matan jam'iyya sun ɗauke shi tun da safe, an ɗora a murhu, shinkafar taro tana tafasa a ciki. Kududdufin kuwa rani ne, sai laka da leda. Aka ɗaure injin a jikin benci.

Shehu ya karɓi lasifika ya ce, "Baba, tayar mana mu ji!"

Audu ya ce, "Ranka ya daɗe, babu ruwa."

"Haba Baba! Na ɗan lokaci ne. In na hau, ruwa sai ka gaji da shi."

Ina tsaye kusa da shi. Na ga ya dubi injin, ya dubi taron. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana mana wa'azin fitsari, shi da hannunsa ya ja igiya. Ja ɗaya. Wuri ya kaure da tafi, mata suna guɗa, maroƙi yana cewa ga jirgi ya iso Tarauni. Tunda Audu ya zo Kano dariya ake masa, yau ga tafi. Sai ya ƙara murɗa mai. Ni da ban san komai ba sai da na ji ƙaurin roba. Injin ya yi tari, ya yi wata ƙara kamar an taka kare, ya yi shiru. Aka sake tafi, an zaci ƙarshen wasan ke nan. Aka wuce wajen shinkafa.

Shehu ya ci zaɓe. Kududdufin kuwa an kula da shi sosai: ƙasa aka kawo tifa-tifa aka cike shi, aka yanka filaye. Da damina ta zo, ruwa ya je gidansa na da, ya tarar an yi gini, sai ya shigo namu. Layinmu ya zama kogi, har gwiwa, har cinya. Rubuta wannan da kyau, Zainab, kar a ce 'yan siyasa ba sa cika alkawari. An ce zai gaji da ruwa, kuma duk mun gaji.

Ranar Alhamis ce. Ina kan katanga da buhun gero a ka, na ga Audu ya fito rungume da injin. Ya rataya shi a ƙyauren gidansa, wutsiyar a cikin ruwa, ba duro, ba ɗan ga-ruwa. Ya kwance fulogi ya goge, ya hura, ya mayar. Ban ce a ajiye mini kujerar gaba ba. Ya kama igiya ya ja. Ko motsi ba ta yi ba.

Hasana ta ce wa mijinta daga ciki, "Malam, in ka gama da shi, zo ka kama mini katifa."